Zirin leda a matsayin alamar hanya a daji: amfaninsa da illarsa ga irin dajin Yankari

Zirin leda mai launi, wanda ake ɗaurawa a reshen bishiya don nuna hanya, kayan aiki ne na masu safiyo da ma'aikatan gandun daji a ƙasashe da dama. Siririya ce, ba ta da gam, kuma akan yi ta da launi mai ɗaukar ido kamar ja ko ruwan lemo, domin a hango ta daga nesa. Tana da araha, ba ta da nauyi, mutum guda kan iya sa wa hanya mai nisa alama cikin yini ɗaya.

Sa alama a daji tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Mafarauta da makiyaya sukan sassaƙe ɓawon itace, ko su ƙulla kan ciyawa, ko su tara duwatsu a mararraba. Burtali kuwa akan shinge shi da aguwa ko bini-da-zugu, alamar da ke rayuwa shekara da shekaru. Duk waɗannan daga dajin suka fito, kuma cikinsa suke komawa. Leda ba haka take ba.

Gandun dajin Yankari, da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, ya isa misali. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar da shi a 2006. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki hanya a fili take, amma ƙananan hanyoyin da ke bin Kogin Gaji sukan ɓace cikin doguwar ciyawa da damina. A irin wannan wuri ɗaura leda na iya zama kamar mafita mai sauƙi.

Sai dai zafin rana kan kashe launinta, ya busar da ita har ta farfashe. Da rani wutar daji kan narkar da ita, wato alamar kan ɓace a daidai lokacin da ake dogaro da ita. Abin da ya faɗi ƙasa kuma ba ya ruɓewa, yana nan cikin ciyawar da ɓauna da gwanki ke ci. Duk wanda ya san mahauta ya san yadda ake tarar da dunƙulen leda a tumbin saniya ko akuya, kuma naman dawa mai tuƙa cikinsa iri ɗaya ne da nasu.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ya fi nauyi. Alama ba ta zaɓen mai karanta ta. Zirin da ya kai mai bincike mashayar giwaye, shi ne zai kai maharbin sata. Yankari na ɗauke da ɗaya daga cikin garkunan giwaye mafi girma da suka rage a Najeriya, kuma a 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta haɗa hannu da gwamnatin jihar wajen tsaron dajin, inda masu sintiri ke amfani da na'urar GPS da ke adana hanya ba tare da barin komai a reshe ba.

Inda aiki ya tilasta amfani da zirin, ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a rubuta kwanan wata a jikinsa, a ƙirga adadin da aka ɗaura, a kuma kwance su da zarar an kammala. Akwai irin da ake yi da ɓargon itace, mai ruɓewa da kansa. Hanyar dindindin kuwa fenti ko allo ya fi dacewa da ita, kamar farar alamar da ke jikin bishiyoyin hanyar ƙafa ta Appalachian a Amurka. Mai ziyarar Yankari dai tare da ɗan jagora ake shiga da shi dajin.