Likitan Kowa da Kowa: Wa Ke Magana da Yawunsa?

A Hausarmu ta Malbaza da Ƙonni da Illela, kalmar "likita" tana ɗauke da kaya da yawa. Mutum likita ne, gini ma likita ne. In tsohuwa ta ce "na tai likita", ba ta nufin ta ga wanda ya yi shekara bakwai yana karatun magani. Tana nufin ta je inda ake allura, ko manjo ta tarar, ko ungozomar zamani, ko mai ba da tikiti. Ni ɗalibin ilimin harshe ne, aikina bin sawun kalmomi, kuma sawun wannan kalma ya kai ni ga tarihin mutum guda: likitan da bai keɓanta da ido ko zuciya ko ƙashi ba, wanda ke duba jariri da safe, mai ciki da rana, tsoho mai hawan jini da marece. A Nijeriya ana ce masa likitan iyali. Tambayata ita ce, a ƙungiyoyin da likitoci suka kafa wa kansu, ina kujerar wannan mutum take?

Mu fara daga gida. Kafin Turawa su zo da allura, kowane gida yana da wanzaminsa. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke cire beli. Ya san wane yaro aka haifa ba ƙwari, ya san gidan da ciwo kaza ke bi. Ɗansa kuma yakan gaji gidajen da uban ya yi wa aiki, kamar yadda ake gadon gona. Abin lura shi ne wanzami ba ya zaman kansa kara zube. Akwai Sarkin Aska, wanda ke raba gardama tsakanin wanzamai, ya tsawata wa wanda ya shiga gidan wani, ya kai kukansu fada. Haka maƙera da Sarkin Maƙera, haka mahauta da Sarkin Fawa. Ke nan tunanin cewa masu sana'a ɗaya su haɗu su tsare mutuncin sana'arsu ba baƙo ba ne gare mu. Kuma wanda ke kan kujerar sarautar, shi ma da zabirarsa a kafaɗa, yana shiga gidaje kamar kowa.

Likitancin zamani bai shigo ta wannan ƙofa ba. A yankin Faransa, an buɗe makarantar koyon likita a Dakar a 1918. Waɗanda suka fito daga cikinta ba a ba su cikakken matsayin dokta ba, mataimaka aka kira su, suna aiki ƙarƙashin likitocin sojan Faransa. Su ne ainihin likitocin kowa da kowa na wancan zamani, su ake turawa ƙauye, su ke jin harshen mutane. Ɗaya daga cikinsu shi ne Félix Houphouët-Boigny, wanda ya gama a 1925. Da aka kai shi asibitin Abijan, ya haɗa ma'aikatan lafiya baƙar fata cikin ƙungiya. Hukuma ba ta so ba, a 1927 aka ɗauke shi aka jefa shi Guiglo, can cikin daji. A yankin Ingila ma haka labarin yake: a 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka ce sai ɗan Turawa zai shiga, ko da baƙar fata ya yi karatunsa a Landan ko Edinbara.

To, da aka rufe musu ƙofar sana'a, sai da yawa suka bi ta siyasa. Houphouët ya kafa ƙungiyar manoma a 1944, ya ƙare shugaban ƙasa. Dokta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Ƙasa ta ƙaru da su, ba shakka. Amma sana'ar ta rasa bakin da zai tsaya mata tun daga tushe.

A nan wajenmu, sunan da kowa ya sani shi ne Galmi. Mishan ɗin SIM suka buɗe asibitin a 1950, kuma har yau mutane na zuwa daga Madawa, daga Tawa, daga tsallaken iyaka. Lokacin da aka buɗe shi, Nijar ba ta da makarantar da ke yaye likita ko ɗaya. Sai a 1974 aka fara koyar da likitanci a jami'ar Yamai. A 1988, zamanin Janar Ali Saibou, aka yi dokar da ta kafa majalisar sana'a, wadda ake kira Ordre da Faransanci, ta haɗa likitoci da masu harhaɗa magani da likitocin haƙori. An ɗauko tsarin ne daga Faransa, inda aka sake kafa irin wannan majalisa a 1945.

Ya kamata mai karatu ya bambanta abu biyu, don ko ƴan boko kan gauraya su. Majalisar Ordre ita ke riƙe da rajista, ita ke cewa wane likita ne, wane ba likita ba, ita ke ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida. Shigarta dole ce ga mai son yin aikin. Sandika kuwa ta kare albashi ce da alawus da yanayin aiki, ita ke kiran yajin aiki, shigarta ganin dama ce. Muna da SYNPHAMED, wadda ta haɗa likitoci da masu magani da na haƙori. Ƙwararrun likitoci kuma sun ware sun yi tasu, SMES. Ku lura da wannan: ƙwararru, da yake mafi yawansu suna manyan birane kusa da juna, sun iya haɗa kai sun yi murya guda. Likitan gunduma fa?

Daga Malbaza zuwa Yamai ya fi kilomita 400. Likitan da ke asibitin gunduma ko wata babbar cibiyar lafiya, sau da yawa shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai sa hannu a takardu, shi ne mai zagayen rigakafi. Wani ɗan uwana da ke wannan aiki ya taɓa ce mini, "In na tai taro kwana ukku, wa za ni bar ma mata masu naƙuda? Kuɗɗin shekara dai muna biya, amma abin da anka yanke sai dai mu ji a waya." Ba ƙyuya ba ce ke hana shi, aikin ne ya ɗaure shi. Sakamakon dai guda ne: wanda ya fi kowa sanin halin da talaka ke ciki, shi ne ba ya wurin in ana shawara. Lokacin da gwamnati ta ce magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, a kan teburin wannan likita nauyin ya sauka, shi ke fuskantar uwa in magani ya ƙare kafin kuɗin gwamnati su iso. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a cika tambayar mai ɗakin ba.

Maƙwabtanmu biyu sun nuna cewa abin na iya sauyawa, kowa da hanyarsa. A Nijeriya, likitocin da ke duba kowa da kowa suna da ƙungiya tun 1921, kafin ma babbar ƙungiyar likitoci ta NMA, wadda ta fara a 1951 a matsayin reshen ta Ingila, ta tsaya da ƙafarta a 1960. Da aka kafa kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa a 1979, waɗannan likitoci ba su yarda a bar su a baya ba. Sun samu sashe nasu, aka fara horarwa a farkon shekarun 1980, mafi yawa a asibitocin mishan irin na Ogbomosho da na Jos, inda likita guda ke yin kome. Daga baya aka sauya sunan fannin ya koma likitancin iyali, suka kuma kafa ƙungiyar SOFPON. Yau akwai sashen likitancin iyali a asibitin koyarwa na Sakkwato da na Kano. Wato matashin da ke son zama likitan kowa da kowa zai iya hawa har ƙololuwar aiki ba tare da ya bar wannan fanni ba.

Kuma kada a ɗauka shiga ƙungiya shan shayi ne. A 1985 likitocin Nijeriya sun yi yajin aiki kan rashin magani da kayan aiki a asibitoci. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta haramta NMA, aka kulle wasu shugabanninta, cikinsu har da Dokta Beko Ransome-Kuti, wanda shi kansa likita ne mai duba kowa a Legas.

Mali kuwa ta fi kama da mu, a harshen aiki da a talauci da a nisan ƙauyuka. A 1989 aka fara zaunar da matasan likitoci a karkara, da haɗin gwiwar makarantar likita ta Bamako da ƙungiyar Santé Sud ta Faransa. Da suka ga kaɗaici zai cinye su, a 1993 suka kafa ƙungiyar likitocin karkara. Babba na koya wa sabo, ana haɗuwa ana bitar aiki, ana magana da hukuma da baki ɗaya. Daga baya jami'ar Bamako ta buɗe karatun ƙwarewa a likitancin iyali da na al'umma. A duka ƙasashen biyu, ba wanda ya kawo musu kujera har gida. Su suka je suka zauna, suka biya kuɗin ƙungiya, suka tsaya zaɓe, suka jure dogon taro.

Me ya shafe mu, mu da ba likitoci ba? Ya shafe mu ƙwarai. In likitan gunduma ba shi da hanyar ci gaba sai ya zama ƙwararren ido ko na zuciya, to zamansa a Malbaza ko Illela na ɗan lokaci ne, jiran jarrabawa yake yi. Shekara biyu ko uku, ya fara sanin gidajenmu, ya fara gane abin da tsoho ke nufi in ya ce "zahi ya taso min" ko "sanyi ya kama ni", sai a ji ya tafi. Sabo ya zo, a koma farko. Ma'aikatan kamfanin siminti da manoman albasar Galmi duk wannan asara suke yi, ko sun sani ko ba su sani ba. Wanzamin da ya yi wa kakanmu aski ya yi wa jikansa. Likitanmu na yau bai cika ganin yaron da ya karɓi haihuwarsa ya shiga lakwal ba.

Ko a harshe ma gurbin a bayyane yake. In ka ce "likitan iyali" a kasuwar Ƙonni, da yawa za su ɗauka maganar tsarin iyali kake yi. In ka ce "likitan gida", wani zai ce ai na masu kuɗi ne. Kalma ba ta zama a bakin mutane sai abin da take nufi ya zauna a garinsu.

Don haka kirana ga ƴan uwanmu ɗalibai masu karatun likita, musamman ɗiyan jihar Tawa, shi ne kada su ɗauki ƙungiya a matsayin wurin biyan haraji kawai. In an kira taron jiha, su yi karɓa-karɓa, ɗaya ya tsare asibiti, ɗaya ya je. Su nemi a riƙa kawo wasu tarukan Tawa ko Ƙonni, a kuma bari wanda ke nesa ya jefa ƙuri'arsa daga inda yake, tunda waya ta kai ko'ina. Su nemi a san aikinsu a matsayin fanni mai daraja da matakan ƙarin girma. Mu kuma masu nazarin harshe, namu aikin shi ne mu tattara yadda mutanenmu ke faɗin ciwo da Hausarsu, mu miƙa wa likitan da ya yanke shawarar zama tare da mu.