Gobarar Peshtigo ta 1871 da Mamatan da Ba a Gane Ba

Gobarar Peshtigo wutar daji ce da ta tashi a arewa maso gabashin jihar Wisconsin ta Amurka a daren 8 ga Oktoba, 1871. Ta cinye fili kimanin eka miliyan 1.2, kuma babu wutar dajin da ta kai ta kisa a tarihin ƙasar. Ana ƙiyasta mamatan tsakanin 1,500 da 2,500.

Musabbabi

Peshtigo gari ne na masu sana'ar katako, mai mutane wajen 1,700. Gidaje na katako, gada ta katako, ga dusar katako zube a tituna. An yi fari a shekarar, manoma da masu shimfiɗa layin dogo kuwa suna ta cinna wuta don share daji. Da iska mai ƙarfi ta taso, sai wutar nan da ta can suka haɗe, suka auka wa garin. Jama'a suka faɗa Kogin Peshtigo, wasu suka nutse, wasu sanyi ya kashe su. Wani limamin Katolika, Peter Pernin, ya shafe sa'o'i a cikin ruwan, daga baya ya rubuta abin da ya gani.

Dalilin rashin gane mamatan

Wutar ta ƙone gawawwaki har ba a iya shaida fuska, wasu ma sai toka da ƙashi. Takardun garin sun ƙone. Akwai iyalan da suka hallaka kaf, babu wanda ya saura balle ya faɗi sunayensu. Ga kuma 'yan ci-rani masu saran itace da baƙin da ba su daɗe da zuwa daga Turai ba, waɗanda ba kowa ya san su ba. Wayar tangaraho ta ƙone, labari ya makara, hankalin duniya kuma ya koma kan gobarar Chicago, wadda ta tashi a daren, ta kashe mutum kusan 300.

Kabarin bai-ɗaya

An binne gawa kimanin 350 a rami guda a maƙabartar garin. A 1963 aka buɗe gidan tarihin gobarar a wata tsohuwar majami'a da ke maƙwabtaka da maƙabartar. Allon da ke kan kabarin ya ba da labarin daren, amma babu sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke kwance a ƙarƙashinsa.