Masu kiwon barewa don sha'awa

Masu kiwon barewa don sha'awa mutane ne da ke riƙe ƙaramin garken bareyi a cikin shinge, ba tare da kiwon ya zama babbar hanyar abincinsu ba. Akasarinsu suna da wata sana'a, kamar aikin albashi ko noma. Bareyin da ake nufi a nan dangin barewar Turai da Amurka da Asiya ne, waɗanda mazansu ke zubar da ƙahonni kowace shekara su fitar da sababbi. Sun bambanta da barewar ƙasar Hausa, wadda ƙahonta ba ya zuba.

Tarihi

Ajiye bareyi don nishaɗi ya girmi kiwonsu don kasuwa. Sarakuna da masu filaye a Ingila sun daɗe suna killace su a gandaye domin farauta da ƙawa. Wannan sha'awa ce ta ceci barewar Père David ta ƙasar Sin. Bayan garkenta na gandun sarki da ke kusa da Beijing ya ƙare a wajajen 1900, basarake Herbrand Russell na Bedford ya tattara ragowar da ke gidajen namun daji na Turai zuwa gandunsa na Woburn. Daga zuriyarsu aka mayar da wasu Sin a 1985.

Kiwo don kasuwa ya kankama a ƙasar New Zealand bayan an halatta shi a 1969. Daga baya manoman ƙasar sun shigo da irin jar barewa daga gandayen Woburn da Warnham na Ingila don inganta garkunansu.

Matsayinsu a Amurka

A Amurka, barewa mai farar wutsiya ce aka fi kiwo, kuma jihohin Texas da Pennsylvania na kan gaba wajen yawan gonakin. Da yawa daga cikin gonakin ƙanana ne, iyali ɗaya ke kula da su. An kafa ƙungiyar manoman barewa ta Arewacin Amurka, NADeFA, a 1983, kuma ta ƙunshi manya da ƙananan masu kiwo.

Masu kiwon sha'awa suna sayen 'ya'yan barewa daga manyan gonaki, da abinci, da wayar shinge, da magunguna, don haka kasuwa ce ga sauran masu harkar. Ƙarancin dabbobinsu yana ba su damar sanin asalin kowace, su shayar da jarirai da bulumboti har su saba da mutum. Wanda ya dace da namiji mai manyan ƙahonni yakan sayar da shi ko maniyyinsa ga masu neman iri, ko ga gandayen farauta masu shinge. Ta wannan hanya wasu suka tashi daga sha'awa zuwa cikakkiyar sana'a.

Matsaloli

Babbar barazana ita ce cutar ramewa mai suna CWD, wadda aka fara lura da ita a 1967 a wata cibiyar bincike a jihar Colorado. Gurɓataccen furotin ne ke haddasa ta. Tana lalata ƙwaƙwalwa, ba ta da magani ko rigakafi, kuma ƙarshenta mutuwa. Tana yaɗuwa ta yawu da fitsari da kashi, tana kuma daɗewa shekaru a cikin ƙasa. Barewa na iya ɗaukar ta fiye da shekara guda ba alama, saboda haka sayar da dabba ɗaya na iya kai cutar wata jiha. A Pennsylvania an fara gano ta a 2012 a wata gona da ke gundumar Adams. Garken da ya kamu yawanci ana killace shi ko a hallaka shi baki ɗaya.

Shinge mai rauni yana barin bareyi su tsere su cuɗanya da na dawa. Namijin da aka raina da hannu kuma ba ya tsoron mutum, yakan kai wa mai shi hari a lokacin barbara.

Dokoki

Jihohi da dama sun wajabta lasisi, da shinge mai tsayin ƙafa 8, da lamba a kunnen kowace dabba, da gwajin waɗanda suka mutu. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta kafa tsarin tantance garkuna, wanda ke buƙatar sa ido na shekara 5 kafin a ba garke shaidar da za ta ba da damar kai dabbobi wata jiha. A 2023 jihar Minnesota ta hana buɗe sababbin gonakin barewa mai farar wutsiya.

Kuɗin shinge da na likitan dabbobi sun fi yi wa mai ƙaramin garke nauyi, abin da ya sa wasu suka daina. Masu kiwo na cewa dokokin na korar ƙananan manoma, hukumomin namun daji da ƙungiyoyin mafarauta kuma na cewa ƙaramin garke na iya yaɗa cutar kamar babba.