Daga Babule zuwa Tabaran Shiga Hoto: Waiwaye a kan Wasan Tsoro da Masu Yi Masa Hukunci

A ranar 24 ga watan Janairu na shekarar 2017 ne kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar da wani wasan kwamfuta na ban tsoro mai suna Resident Evil 7. Labarinsa ba shi da wuyar faɗi: wani mutum, Ethan Winters, ya bi sawun matarsa da ta ɓata har zuwa wani kangon gida a cikin fadamun Luwiziyana ta Amurka, ya faɗa hannun iyalin gidan, waɗanda wata cuta ta mayar da su dodanni. Abin da ya raba wannan wasa da ƴan'uwansa na baya shi ne ana iya buga shi tun daga farko har ƙarshe da PlayStation VR, wato wani tabarau da ake ɗaurawa a fuska ya rufe idanu ruf, ya jefa mai wasa cikin hoton. Wanda ya ɗaura shi ba ya ƙara ganin ɗakin da yake zaune a ciki. In ya waiwaya, duhun gidan ne a bayansa; in ya sunkuya, ƙarƙashin teburin gidan yake leƙawa.

Tun kafin wasan ya shiga kasuwa aka fara ce-ce-ku-ce. Wasu daga cikin ƴan jaridar da suka gwada somin-taɓinsa a bikin baje kolin E3 na 2016 sun fito suna kukan jiri da tashin zuciya, saboda ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya alhali jiki na zaune. Kamfanin ya yi gyara, ya sa juyawar mai wasa ta zama taki-taki maimakon sulɓi. Da wasan ya fito, masu sharhi suka yi ta yabo, har aka ba shi kambin wasan tabarau mafi kyau a bikin The Game Awards na ƙarshen 2017. Su kuwa masu bugawa, bakinsu bai zo ɗaya ba. Alƙaluman kamfanin na farko sun nuna kimanin mutum ɗaya ne cikin goma ya buga shi da tabaran, kuma da yawa sun ba da labarin yadda suka tuɓe shi tun ba a je ko'ina ba. A 2021, lokacin da za a fitar da wasan da ya biyo baya, Resident Evil Village, ɗaya daga cikin masu shirya shi, Tsuyoshi Kanda, ya bayyana cewa sun sassauta tsoron da gangan, domin sun samu koken cewa na bakwai ya yi wa wasu yawa har sun kasa bugawa. Ke nan masu alƙalami sun yaba, masu jiki sun koka, kamfani kuma ya bi ta masu jiki, tun da su ke biya.

Mai karatu a Tawa ko Illela ko Keita zai iya cewa wannan zance ne na ƙasashen da wutar lantarki ba ta yankewa. Sai dai tambayar da ke ƙunshe a ciki tsohuwa ce a nan: idan aka yi wasa mai firgitarwa, wa ya fi cancanta a ji ta bakinsa, wanda ya shiga ciki da jikinsa ko wanda ya tsaya gefe yana auna shi? An taɓa yin wannan shari'a a kan wasu iskoki da dandalin borin Adar ya san su sarai, kuma yadda aka yanke ta ya sha bamban da ta Capcom.

Mafarin abin a Kurfai ne, maƙwabciyar Adar ta yamma. A wajejen 1925, a garin Shikal kusa da Filinge, wasu sababbin iskoki suka hau wata mata mai suna Shibo. Ba su yi kama da iskokin da aka gada ba. Tafiyar soja suke yi, suna sara wa juna, suna ba da umurni da gurɓataccen Faransanci, suna riƙe da bindigogin itace, suna kuma goga wuta a jiki ba ta ƙona su. Zabarmawa suka kira su Hauka, kalmar da kowane Bahaushe ya san ma'anarta. A ƙasar Hausa kuwa sunan Babule ya fi bin su. Matasa suka yi ta shiga, suna ƙin aikin tilas da biyan haraji, suna bijire wa sarkin Kurfai, Gado Namalaya, wanda Faransawa ke mara wa baya. Kumandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo kimanin sittin daga cikinsu aka kulle su. Bisa ruwayar da aka tattara daga baya, dukansu ya yi ta yi har sai sun ce babu wani abu wai shi Hauka. Sakamakon da ya samu shi ne ya shiga cikin jerin iskokin da kansa: aka samu sabon iska mai suna Kumandan Mugu, mai zafin rai da zage-zage. A 1927 aka kori wasu jagororin zuwa wasu yankunan mulkin Faransa, amma iska ba ta ɗauruwa da igiya. Babule suka bazu zuwa Arewa da Adar, suka bi ƴan ci-rani har Kurmi.

Baturiyar nan Nicole Echard, wadda ta yi shekaru tana bincike a ƙauyukan Adar tun daga shekarun 1960, ta wallafa littafi a kan tarihin manoman Adar a 1975 da wani a kan borin Adar da Kurfai a 1989. Abin da ta nuna yana da muhimmanci ga malaman tarihi: jerin iskokin bori ba a rufe yake ba, kowane zamani da ya girgiza jama'a yakan bar nasa iskokin a dandali. Babule su ne rabon zamanin Nasara. Manomin da bai isa ya ɗaga ido ya dubi kumandan ba da rana, da yamma yana iya ganin kumandan ya hau ɗan maƙwabcinsa, yana kumfa yana tsawa, a tsakiyar da'irar da masu goge da ƙwarya suka san yadda za su buɗe ta su kuma rufe ta. Tsoro ne na gaske, yara na ɓuya bayan iyayensu mata, amma tsoro ne mai ƙofa. Akwai wanda ya san kiɗan da ke kiran iska, akwai masu kula da doki kada ya ji rauni, akwai lokacin sauka.

Waɗannan iskoki ne Jean Rouch ya ɗauka a fim a watan Agusta na 1954, a wani ƙauye bayan garin Ankara ta Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957. Masu bikin ƴan ci-rani ne daga Nijar, leburori da masu turin kura da ƙananan ƴan kasuwa, kuma shugabanninsu ne suka gayyace shi. Da ƙaramar kyamara mai wani, wadda ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai ba tare da an sake wana ta ba, ya ɗauko abin da ya zama Les Maîtres fous, wato mahaukatan iyayengiji. A ciki ana ganin Gwamna da Janar da Kafaran Gardi da matar likita sun hau dawakinsu, idanu sun juye, kumfa na zuba; ana fasa ƙwai a kan gunkin gwamna; ana yanka kare, a dafa, a tsoma hannu cikin tafasasshen romo a ci. Washegari kuma kyamara ta bi mutanen nan wurin aikinsu, ga su suna murmushi, lafiya lau.

Da aka nuna fim ɗin a Musée de l'Homme da ke Paris a 1955, ɗakin ya hargitse. Marcel Griaule, malamin Rouch, ya ce a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin, cikinsu har da Paulin Vieyra wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin magabatan silima a Senegal, su ma suka ce a lalata shi, bisa hujjar cewa duk Baturen da ya ga baƙar fata da jinin kare a baki ba zai tsaya sauraron bayani ba. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a Gwalkwas, tana ganin cin mutunci ne ga gwamnanta. A ɗaya gefen, fim ɗin ya ci kyauta a bikin Venis na 1957, ya yi tasiri a kan Jean Genet lokacin da yake rubuta wasansa Les Nègres, Peter Brook kuma ya nuna wa ƴan wasansa shi sa'ad da suke shirya Marat/Sade a 1964. A 1965 Sembène Ousmane ya gaya wa Rouch a gaban idonsa cewa shi da ire-irensa suna kallon mutanen Afirka kamar ƙwari.

Idan aka duba wannan jerin sunaye da kyau, za a ga kowa tsoron wani abu yake yi, kuma babu wanda ke tsoron iskokin. Griaule na tsoron abin da zai sami martabar fanninsa. Vieyra da abokansa na tsoron abin da za a ce da Afirka a daidai lokacin da ake fafutukar ƴanci, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, domin sun san idon da ake kallonsu da shi a titunan Paris. Gwamnan Ingila na tsoron a yi masa dariya. Waɗanda iskokin suka hau fa? Abin da ya iso ga tarihi daga gare su kaɗan ne ƙwarai, kuma ta bakin Rouch ya biyo. Shi ne ya ba da labarin cewa nuna wa ɗan bori hotonsa yana cikin hawa abu ne mai haɗari, domin yakan sa iska ta sake hawansa nan take, ba mai kiɗa, ba mai saukarwa. In haka ne, to majigi ya yi musu abin da tabarau ya yi wa masu wasan 2017: ya shafe iyakar da ke tsakanin kallo da shiga. Bambancin shi ne babu wanda ya koma ya gyara fim saboda su.

An ɗauki shekaru hamsin ana gardama a kan ma'anar abin da suka yi. Rouch ya fassara shi a matsayin maganin da talaka ya samo wa kansa don jure mulkin mallaka. Finn Fuglestad a 1975 ya dube shi ta fuskar tawayen siyasa, Paul Stoller a 1995 ya ce tarihi ne da jiki ya haddace. Sai a 2006 Paul Henley ya sake bin fim ɗin daki-daki, ya kawo hujjar cewa mutanen nan ba ba'a suka je yi wa gwamna ba. Sun je neman lafiya da haihuwa da kariya daga sammu, kamar yadda ake zuwa wurin kowane iska mai ƙarfi. Duk tsohuwar da ta taɓa kai ƴarta girka a Adar da ta faɗi haka tun 1955, da an tambaye ta. A cikin gida kuwa hukuncin malamai dabam ne, kuma bai sauya ba: shirka ce. Wannan hukunci, musamman bayan yaɗuwar wa'azin Izala daga shekarun 1980, ya fi kulkin Crocicchia tasiri wajen rage taron bori a garuruwa.

Akwai mutum ɗaya da ya ba da amsa ba da sharhi ba, da fim, kuma Tawa ce ta zama gidansa. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a Ndunga a 1942, ya fara ne da wasan inuwa: fitila da kwali da zane, yana tara jama'a suna kallon surori na motsi. Ya yi aiki tare da Rouch a cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa. Suka sa huluna, suka ɗaura bindigogi, suka sauya sunaye, suka sace dawaki. Wasa-wasa sai ga gawa a ƙasa, dattawan gari sun rasa ta inda za su ɓullo wa ƴaƴansu. Wanda ya san Babule ba zai rasa gane su a nan ba: tufafin baƙo ne suka hau samari, sai dai wannan karon daga allon silima iskar ta fito, kuma babu sarkin bori da zai sauke ta. A fim ɗinsa Toula na farkon shekarun 1970 ya koma ga tsohon tsoro na gida, macijin ruwa da ke neman a ba shi budurwa kafin a samu ruwan sama.

A Tawa ya kafa masauƙin baƙi, ya mayar da wani sashensa ɗakin aiki, inda ya ci gaba da haɗa ƴan tsanansa. Kokoa na 2001, kokawar kwaɗi da sauran dabbobi a gaban alƙali da makaɗa, ya fito ne a wannan zamani na rayuwarsa. Da tsufansa ya koyi zana hoto mai motsi da kwamfuta. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, kusan shekara biyu kafin fitowar Resident Evil 7.

Shi da Rouch ba su rabu ba har ƙarshe. A watan Fabrairu na 2004, Rouch, yana da shekara 86, ya zo Nijar don wani bikin tunawa da finafinan ƙasar. A daren 18 ga watan, motar da ta ɗauko su ta yi haɗari a kan hanyar Tawa, kilomita kaɗan daga Birnin Ƙwanni. Rouch ya mutu a wurin. Matarsa da Mustafa Alasan da Damure Zika, wanda ke tare da shi tun kafin zamanin aikin Ankara, suka tsira da raunuka. A Yamai aka binne shi.