Masallacin Juma'a na Birnin Zariya: Babban Zauren Zazzagawa

Kowane ƙauye a ƙasar Hausa yana da wurin da jama'a ke haɗuwa idan magana ta taso: ƙofar gidan mai gari, ko zauren liman, ko inuwar wata tsohuwar bishiya. Birnin Zariya, duk da girmansa da yawan unguwanninsa, shi ma yana da irin wannan matattara, wato babban Masallacin Juma'a da ke kusa da Fadar Sarkin Zazzau. Nan ne mutumin Ƙofar Doka yake haɗa kafaɗa da na Ƙofar Kuyambana, na Ƙofar Gayan ya gaisa da na Ƙofar Kona, duk a sahu ɗaya.

Asalin ginin yana komawa ne zuwa shekarun da suka biyo bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Bayan Sarki Makau ya bar birnin ya nufi Zuba, Malam Musa ya zama sarki, Yamusa ya gaje shi a 1821, sannan Malam Abdulkarim na gidan Katsinawa ya hau gado a 1834, ya yi mulki har 1846. A zamaninsa ne aka tayar da wannan masallaci. Kafin nan, Unguwar Juma ce aka sani da tsohon masallacin Juma'a na birnin. Kawo sabon ginin kusa da fada ya haɗa mulki da ibada da shari'a a dandali guda, domin a cikin harabarsa an keɓe ɗakin da ake zaman shari'a.

Wanda ya jagoranci aikin shi ne Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, amma duniya ta fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Bai yi amfani da siminti ko ƙarfe ba. Kayan aikinsa su ne jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, da tubali na hannu, da azara daga itacen giginya wanda gara ba ta iya ci. Da su ya ɗaure manyan ginshiƙai, ya lanƙwasa bakan gizo daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, ya ɗora rufin tulluwa guda 6 a kansu, har aka sami fili mai faɗi da tsawo wanda ba a saba ganin irinsa a ginin ƙasa ba. Ya kuma ƙawata bango da ginshiƙai da zanen da aka fitar tun ƙasar tana ɗanya. Sunansa ya kai wasu masarautu, har yau kuma akwai unguwar da ake kira Babban Gwani a cikin birnin, inda zuriyarsa suka ci gaba da riƙe sana'ar gini. A bakin mutane akwai labarin cewa a Birnin Gwari ya gamu da ajalinsa bayan ya gina musu nasu masallacin.

Abin da ya raya ginin fiye da shekara ɗari shi ne hannun jama'a. Ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Idan damina ta wuce sai magina su hau su duba tsaga, a sake yaɓe, a shafe bango da makuba, a gyara indararo don kada ruwa ya kwanta a rufi. Da haka sana'ar ta riƙa wucewa daga uba zuwa ɗa. A cikin wannan dogon lokaci Turawa suka ci Zariya a farkon ƙarni na 20, aka yi zamanin En'e, aka sami 'yancin kai a 1960, sarauta ta yi ta zagayawa tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, amma duk wanda ya hau gado a nan yake sallar Juma'a tare da talakawansa. A nan ake jin sanarwar fada, a nan ake addu'ar roƙon zaman lafiya, a kewayensa kuma ake sallar jana'izar manyan gari.

Masana gine-gine daga ƙasashen waje sun zo sun auna masallacin. Fitacce a cikinsu shi ne Zbigniew Dmochowski, mutumin ƙasar Folan, wanda ya zana tsarinsa dalla-dalla, aka kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Da jama'a suka ƙaru, a shekarun 1970 aka yi sabon gini na zamani wanda ya lulluɓe tsohon a cikinsa. Hakan ya ba masallata fili, amma ya kawar da wani ɓangare na tsohuwar harabar, ya kuma ɓoye aikin Babban Gwani daga idon mai wucewa.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na tsohon ginin ya rufta kan masallata, aƙalla mutum 7 suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana guda kafin faruwar abin, ana kuma shirin kawo masu gyara. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya karɓi shahadarsu. Daga baya aka kafa gidauniyar sake gina masallacin, gwamnati da attajirai da talakawa suka sa hannu.

Kiranmu ga masarauta da masu kula da aikin shi ne a fifita tsaron rayukan masallata a kan komai, sannan a adana duk abin da ya rage na aikin Babban Gwani, a kuma jawo maginan gargajiya na birnin a koya wa matasa ɗaurin azara da bakan gizo tun masu sani suna raye. Zazzagawa kuma su riƙa duba lafiyar masallatan unguwanninsu da zaurukansu kafin kowace damina.