Tsohuwar Fijo da Tarihin Hanyar Amarawa

A bana na ga ya dace in yi mana tsokaci a kan wani ɓangare na tarihinmu wanda muke sayarwa a kan sikeli ba tare da mun lura ba, wato tsofaffin motocin da suka yi wa garinmu hidima.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san cewa arzikin Amarawa yana ɗaure da hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Kware da Gwadabawa, ta iso Illela, sannan ta tsallaka Birnin Ƙonni. Kafin zuwan mota, jakai da raƙuma ne suke ɗaukar gishiri da kanwa da hatsi a kanta. Daga baya manyan motoci masu bodin katako suka karɓe su. Amma motar da ta fi shiga rayuwar talaka ita ce Peugeot, wadda bakinmu ya mayar Fijo.

An fara ƙera Fijo 404 a Faransa a shekarar 1960, ƙanwarta 504 kuma ta biyo baya a 1968. Ƙarfin 404 a kan mugunyar hanya ya sa ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka har sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. A nan gida kuwa, a-kori-kurarta ce take kwasar albasa da awaki da mutane ranar kasuwar Illela. Giyarta a jikin sitiyari take, injinta kuma ba ya da wuyar sha'ani, domin bakanike mai sifana da sukundireba yakan tashe ta a gindin bishiya.

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Wannan ya zo daidai da lokacin kuɗin Udoji da bashin mota na ma'aikata, har ya zama 504 ce alamar cewa ɗan boko ya kama ƙasa. Ina makarantar horon malamai a wancan zamani, kuma ba na mantawa da yadda muke leƙe ta taga idan shugaban makaranta ya shigo da tasa. Akwai kuma wata hanyar da Fijo take iso mana. A shekarun 1980 matasan Turawa sukan tuƙo tsofaffin motoci su ratsa Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas da Tawa, su sayar a Nijar su koma gida. Ƙonni tana bisa wannan hanya, saboda haka wasu daga cikin motocin suka ƙare a tashoshinmu.

Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Motocin Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano suka cika ƙasa, Fijo ta ja da baya sannu a hankali, har aka daina harhaɗa 504 a Kaduna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a gidanmu. Kawuna, Allah Ya jiƙansa, ya bar a-kori-kura 404 wadda ta shekara da shekaru a bayan gida, kaji suna ƙwai a cikinta. Da 'yan gwangwan suka zo taya ta, sai na roƙi magada su sayar mini. Bayan na yi ritaya na shiga gyaranta. Mai walda ya yanke ƙasan da tsatsa ta cinye ya sa sabon ƙarfe. Aka sauke inji aka canza ringi, aka wanke kafireta, aka toshe lagireto. Gilashin fitila ɗaya sai da aka nemo shi a wani tsohon gareji a Ƙonni. Aikin ya ci kuɗin fansho ba kaɗan ba, har wasu suka ce malam ya ruɗe. Ranar da ta tashi, wani dattijo ya dafa ta ya ce a cikinta aka kai matarsa asibiti a Sakkwato lokacin haihuwar ɗansu na fari. Wani kuma ya tuna ita ta kai shi filin jirgi zai tafi Makka.

A wasu ƙasashe irin wannan aiki sana'a ce mai daraja. Fijo 504 mai buɗaɗɗen rufi, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ta kuma fito a 1969, ana gyara ta a ajiye kamar kayan gado. Kamfanin Peugeot yana da gidan tarihinsa a Sochaux tun 1988. A Najeriya ma, Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 an adana ta a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas. Mu namu motocin ba na alfarma ba ne, amma su ne suka ɗauki amarenmu da marasa lafiyarmu da amfanin gonarmu.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Don haka ina kira ga ƙungiyarmu da ta yi abu uku. Na farko, a ƙidaya tsofaffin motocin da suka rage a gidajen gari kafin a kai su sikeli. Na biyu, a zauna da tsofaffin direbobi da makanikai a naɗi bayanansu tun suna raye. Na uku, a samar da rumfa inda za a ajiye ko da mota ɗaya domin 'yan makaranta. Idan aka gina rumfar, na yi alkawarin tawa ce za ta fara shiga.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ɗaukaka Amarawa, amin.