Ikon Kamfanoni a Kan Binciken Kafafen Sada Zumunta

Binciken bayanan kafafen sada zumunta, wato nazarin abin da jama'a ke rubutawa da yaɗawa a dandamali irin su Facebook da X domin a gano tasirinsa ga al'umma, yana fama da matsalar da ƙwarewar mai bincike ba ta isa ta warware ba, domin rumbun bayanan yana hannun kamfanonin da ake son a bincika, kuma su ne da wuƙa da nama wajen yanke abin da za a gani.

A shekarar 2014 mujallar PNAS ta wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a watan Janairun 2012, inda aka sauya abin da mutum 689,003 ke gani a Facebook na tsawon mako guda ba tare da saninsu ba, don a auna ko farin ciki da ɓacin rai suna yaɗuwa tsakanin mutane, kuma gwajin ya yiwu ne saboda jagoransa ma'aikacin kamfanin ne. Bayan badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018, wadda ta shafi bayanan mutane har miliyan 87, kamfanin ya ƙara ƙuntata wa masu bincike na waje, ya kuma amince da shirin Social Science One domin bai wa malaman jami'a bayanai ta hanyar da ya tsara da kansa. A 2021 aka gano cewa bayanan sun tsallake kusan rabin masu amfani da dandalin a Amurka, kuma, abin lura, wani malamin jami'a a Italiya ne ya bankaɗo kuskuren ta hanyar kwatanta alƙaluma, ba kamfanin ba. A 2023 Twitter, wato X a yanzu, ya daina bayar da bayanansa kyauta, sannan a watan Agustan 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya rufe CrowdTangle, manhajar da 'yan jarida da masana suka daɗe suna bibiyar yaɗuwar labarai da ita.

Illar wannan ita ce bincike yakan karkata zuwa inda ƙofa take buɗe, ko da ba can jama'a suka fi taruwa ba. Aikin NaijaSenti na 2022, wanda ya tattara saƙonnin Twitter cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka aka kuma tantance ko yabo ko suka suke ɗauke da shi, gudummawa ce mai daraja, sai dai dandalin da aka ɗebo su na tsirarun masu ilimin boko ne. Ɗimbin jita-jita da wa'azi da muhawarar siyasa cikin Hausa suna yawo ne a zaurukan WhatsApp, sau da yawa a matsayin saƙon murya, kuma saƙonnin a kulle suke ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ke iya buɗe su, don haka duk hukuncin da aka yanke kan ra'ayin Hausawa daga rubutun Twitter kaɗai ya bar masu sauraron waɗannan muryoyi a waje.